Amsar Baffa Kan Gonakin Rinji da Rabon Gadon Da

Wa alaikumus salam ɗana. Saƙonka ya iso, da fatan kana lafiya, ya aiki, ya mutanen gidan. Ka ce 'yan uwanka sun taso da maganar sayar da gonakin rinji, wato ƙauyen da bayin gidanmu suka zauna suna noma a da, tunda masu yanka filoti sun fara zagayen wajen, har wani a cikinsu yana cewa mutanen da ke zaune can "su da ƙasar duk kayan gadonmu ne". Kana so ka ji ko da gaske ana raba mutane a gado, yadda ake yi, da abin da ya rage mana a can yau. Na rubuto ne don ka karanta musu, ba na son magana ta sauya a hanya.

E, ana rabawa. Kafin zuwan Turawa, idan mai rinji ya rasu a ƙasar Kano ko Zazzau, alƙali kan tura muhutinsa, wato mataimakinsa, ko wani malami ya ƙidaya abin da ya bari: dawaki, shanu, riguna, wuri, hatsin rumbu, da bayi. A fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya muddin ba ta wuce sulusi ba, hukuma ta ɗauki ushirarta. Sauran a raba yadda ka sani: matan aure su yi tarayya a tumuni in akwai 'ya'ya, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Bawa kuwa ba shi da kaso, ko a dukiyar ubangijinsa ko a ta uban da ya haife shi. Shi ake gāda. In ya mutu ma, akuyarsa da ɗan damin da ya tara na ubangijinsa ne a shari'a, sai in an ga dama a bar wa iyalinsa.

Abin da yaran yanzu ba sa ganewa shi ne, a wancan zamani ƙasa ba ita ce dukiya ba. Daji na nan shimfiɗe, mai so ya je wurin dagaci ya yi gaisuwa a nuna masa inda zai sare. Hannun da zai sare dajin, ya tumɓuke kututture, ya yi huɗa da noman farko da maimai, shi ne abin nema. Shi ya sa ba a cewa wane yana da eka kaza, sai dai a ce yana da bayi kaza. Gonar da ba mai noma ta, damina biyu uku ta koma saura. Don haka a wajen rabo kan mutane ake ja-in-ja, gona kuma ta bi inda suka faɗa.

A ce mutum ya bar 'ya'ya maza uku da mata biyu. Bayan tumuni, kashi takwas ke nan. Mutane kuwa ba sa rabuwa daidai wa daida, sai a yi musu ƙima da wuri. Saurayi majiyin ƙarfi da budurwa suna da tsada, mai sana'a irin saƙa ko rini ko ƙira ya fi, tsoho kuma kusan nauyi ake ɗaukarsa ga wanda ya faɗa wa, don sai ya ci da shi. In lissafi ya ƙi cika, ko magada biyu su yi tarayya a mutum ɗaya, ko a kai shi kasuwa a raba kuɗin. Ka tsaya ka duba wannan da idon wanda ake rabawa. Yana tsaye a ƙofar gida da fartanyarsa, ana kiran sunaye, miji ya faɗa rabon wannan, matarsa ta faɗa rabon wancan. Ɗan baiwa kuma uwarsa yake bi, wato na mai uwar ne, ba na mai uban ba. Risala ta hana raba uwa da ɗanta wajen ciniki sai yaro ya yi famfara. Kariya ce, amma yaro ɗan shekara bakwai ko takwas ya riga ya fita daga cikinta.

Inda abin ya fi zafi, a yadda tsofaffin gidanmu suke ba da labari, rabon 'ya'ya mata ne. Maza sukan zauna a gandu ɗaya ƙarƙashin babban wa shekara da shekaru, kowa ya san nasa da baki, amma rinji bai watse ba, sarkin gandu yana fitar da mutane gona da safe, a kai musu abinci, a tashi wajen azahar kowa ya wuce gayaunarsa. Ita mace ba a cika yanka mata gona ba, sai a cika mata kasonta da kuyangi da kayan ɗaki. Ranar da ta tare a wani gari, da su za ta tafi. Yarinya ta bar uwarta a rinji ta bi amarya, wata ba ta sake taka garin ba.

Akwai waɗanda rabo ba ya hawa kansu. Ƙwarƙwarar da ta haihu da ubangijinta ba a sayar da ita, kuma da zarar ya cika ta zama 'ya. Ba ta da kaso a tumuni, amma ɗanta ɗa ne, rabonsa daidai da na ɗan uwargida, ba ragin ko wuri ɗaya. Sarakuna da yawa a ƙasar Hausa ta wannan ɗaki suka fito. Mu ma haka: kakar mahaifina sa-ɗaka ce, daga rinjin nan aka shigo da ita cikin gida, 'yan uwanta suna can. Mai cewa "kayan gadonmu" sai ya fara sanin jinin da ke jikinsa. Haka wanda ubangijinsa ya yi masa alkawarin 'yanci bayan mutuwarsa, ana fitar da shi daga cikin sulusi. Su kuma cucanawa, waɗanda aka haifa a cikin gida, ana gadonsu amma sayar da su abin kunya ne, sai gidan da bashi ya ci ko ɗan da ya lalace. Bayin sarauta daban suke, na kujera ne: gandayen sarki irin na Nassarawa, Ɗorayi da Fanisau ba a raba su ga 'ya'ya, wanda ya hau shi ke riƙe su.

Kada wani ya ce maka ai bautar ƙasar nan mai sauƙi ce. Hari ake kaiwa a kamo mutane daga kudancin Zazzau, ƙasar Gwari, Bauchi, Adamawa, wasu ma Musulmi ne da shari'ar ta hana a bautar. Mutanen Ningi su ma sun kwashi Kanawa sun sayar. Masu binciken tarihi sun ƙiyasta cewa wajen 1900 bayin daular Sakkwato sun kai miliyan ɗaya zuwa biyu da rabi. Mari da dukan da ake yi wa wanda ya gudu aka kamo ba tatsuniya ba ce.

Yadda abin ya warware a hankali ya zo. Gwamna Lugga ya yi doka cewa duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris 1901 ɗa ne, Kano ta faɗi a 1903 aka rufe kasuwar bayi, mutane da yawa suka kama hanyar garuruwansu. Amma Turawa ba su so rinjoji su watse, don haka suka bar manya a hannun iyayengijinsu, sai dai mutum ya yi murgu, wato ya yi aikin kansa yana biyan ubangijinsa wani abu, ya nemi kuɗi ya fanshi kansa a gaban alƙali. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi kuɗi, da kuɗinta da na ƙodago da yawa suka biya fansar kansu da ta matansu. Sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Ka lura, an daɗe da daina gadon mutanen rinjinmu kafin a haifi ubanka.

To, ƙasa fa? Tun 1910 doka ta sa ƙasar Arewa a hannun gwamna, dokar 1978 ta ƙara jaddadawa, kuma a karkara wanda aka tarar yana noma fili shi ta ɗauka mai haƙƙi a kansa. Mutanen nan kakanninsu suka sare dajin. Gayaunar da aka bar musu suka riƙe, suka zuba mata taki, suka biya haraji da sunansu har gwamnan Kano Abubakar Rimi ya soke shi a 1979, suka binne iyayensu a gefenta, suka raba ta gado a tsakaninsu hawa uku ko huɗu. Damin da suke aiko wa kakanku da kaka gaisuwa ce, ba galla ba ce, wato ba hayar gona ba ce, shi ma yana mayar da turmin atamfa da goro da salla. Ko da alƙali zai saurare ku, ni ba zan sa hannu ba. Mun ci guminsu sau ɗaya ba lada, ba za mu koma mu sayar da ƙasar da ke ƙarƙashin ɗakunansu ba.

Abin da yake namu shi ne tsohuwar gonar gandu ta bakin rafi, wadda mahaifinku ya ba da aro da shaidu, kuma masu noma ta ba su taɓa musun haka ba. In kuna son sayar da ita, ku bari a yi girbi, ku je wurin dagaci da mai unguwa tare da dattawan rinjin a zagaya iyaka da ƙafa, a fara yi wa masu noma ta tayi kafin ɗan filoti. Kason 'yan uwanku mata a ba su a hannu, kada a ce an riƙe musu. Kuma duk wanda zai je, ya gaishe da dattawan can da baba da kawu yadda muke yi, kada in ji kalmar bawa ta fito daga bakin ɗayanku.

Ka gaishe da mahaifiyarka, ka ce mata ina tafe bayan salla in Allah ya yarda.

Baffanka.