Da gaske sunan Mumbai daga abin bauta ya samo asali?

Malam, ka tambaya ko birnin finafinan Indiya sunan abin bauta ya ci. Haka ne. Mumba Devi ce, wadda masuntan ƙabilar Koli, 'yan asalin wurin, suka ɗauka uwa mai tsare su. "Ai" kuwa uwa ke nan da harshen Marati; "Mumba" da "Ai" aka haɗa suka zama Mumbai. A 1995 aka bar Bombay aka koma Mumbai.

Ɗakin bautarta na unguwar Bhuleshwar, dab da kasuwar zinari ta Zaveri. Ranar Talata ba masaka tsinke. Masu bauta kan tuɓe takalmi, su ratsa masu tallan furanni da kwakwa, kafin su hango ta da kambin azurfa da sarƙar zinari. Abin da ya fi ba ni mamaki, wurin a matse yake tsakanin shaguna.