Tambaya da Amsa: Mene Ne Ke Gaggauta Mayar da Ma'aikacin da Aka Sallama Bakin Aiki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, na ji cewa a wasu ƙasashe idan kamfani ya rage ma'aikata, hukuma kan riƙa biyan waɗanda aka sallama wani kuɗi kafin su sami wani aikin. Shin wannan kuɗi ba ya sa mutum ya miƙe ƙafa ya daina nema? Kuma wace hanya ce ta fi saurin mayar da su bakin aiki?
Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Kuɗin da kike magana a kai inshora ce da ake tarawa daga harajin da ake ɗora wa albashi tun mutum yana kan aiki, kuma tana da iyaka. A Amurka, inda aka kafa tsarin a 1935, yawancin jihohi ba sa wuce mako 26 suna biya. A Jamus kuwa mutum yakan karɓi kashi 60 cikin ɗari na albashinsa bayan cire haraji, ko kashi 67 idan yana da 'ya'ya.

Zargin da kika kawo yana da ƙamshin gaskiya, domin an sha gano cewa idan aka tsawaita wa'adin biya, zaman rashin aiki ma yakan ɗan tsawaita. Sai dai abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne illar da daɗewar ke yi wa mutumin da kansa. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2013, masana sun aika wa kamfanoni dubban takardun neman aiki na gwaji, sai suka ga cewa gwargwadon tsawon zaman mutum babu aiki, gwargwadon raguwar masu kiransa ganawa, kuma mafi yawan raguwar tana faruwa ne cikin wata 8 na farko. Ke nan makonnin farko su ne jarin wanda aka sallama, kuma taimakon da ya zo bayan sun wuce ya riga ya makara.

An gwada jan hankali da lada. A 1984 jihar Illinois da ke Amurka ta yi alkawarin dala 500 ga wanda ya sami aiki cikin mako 11 kuma ya riƙe shi wata 4, amma abin da hakan ya rage daga lokacin karɓar kuɗin bai wuce kimanin mako guda ba.

Abin da ya fi yin tasiri shi ne a zauna da mutum ido da ido tun da wuri. Daga 1993 dokar Amurka ta wajabta wa jihohi su tantance waɗanda ake fargabar kuɗinsu zai ƙare kafin su sami aiki, su tura su wajen masu ba da shawara. A jihar Kentucky wannan ya rage lokacin karɓar kuɗin da kimanin mako biyu, kuma da yawa sun koma aiki ne da zarar wasiƙar gayyata ta iske su, tun kafin a koya musu komai. Jihar Nevada ta ƙara a kan haka a 2009, inda jami'i guda yake duba ko mutum yana neman aiki da gaske, kuma a zama ɗaya ya gyara masa takardar bayanin ƙwarewarsa, ya nuna masa guraben da suka dace da shi. Waɗanda suka bi ta wannan hanya sun rage kimanin mako uku daga lokacin karɓar kuɗin, kuma abin da suke samu ya fi na takwarorinsu. Wannan batu na ƙarshe ne ya fi muhimmanci a wurina, domin saurin da zai tilasta wa ƙwararren makaniki karɓar aikin da bai kai rabin darajarsa ba, ya bar shi bayan wata biyu, bai amfani kowa ba.

Akwai ma waɗanda ba sa jiran ranar sallama. A Sweden, cibiyoyin da ƙungiyoyin ƙwadago da masu kamfanoni suka kafa tare sukan fara taimakon ma'aikaci tun daga lokacin da aka ba shi takardar sanarwa, yana ci gaba da karɓar albashi. Jamus ma tana buƙatar ya yi rajistar neman aiki wata uku kafin kwantiraginsa ya ƙare.

Horon sabuwar sana'a yana da nasa muhallin, musamman ga wanda masana'antarsa ta rufe baki ɗaya, amma amfaninsa sai bayan shekara biyu ko uku yake fitowa fili, kuma yayin da mutum yake aji neman aikinsa yakan yi sanyi.

Dole kuma in faɗa miki iyakar duk waɗannan dabaru. Wani babban gwaji da aka yi a Faransa ya nuna cewa inda guraben aiki suka yi ƙaranci, waɗanda aka taimaka wa sun shige gaba ne kawai, suka karɓi guraben da wasu marasa aikin za su samu. Saboda haka a lokacin karayar tattalin arziki, yanke wa mutane kuɗin da suke ciyar da iyali da shi domin a matsa musu su nemi aikin da babu shi zalunci ne, kuma hukumar da ke son su koma aiki sai ta fara da taimaka wa kamfanoni su sake ɗaukar ma'aikata.