Kwana uku a Malaga: me zan gani, me zan ci?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A watan Yuni zan halarci taron likitoci a birnin Malaga na ƙasar Sifaniya, kuma bayan an tashi ina da kwana uku kafin ranar komawata. Abokan aiki sun ce in tattara in wuce Granada, wai Malaga ba ta da komai sai bakin teku da 'yan yawon buɗe ido. Haka ne? Sannan yaya zan yi da abinci da salla? Daga wani likita a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Likita. Allah ya kai ka lafiya. Abokanka ba su yi wa Malaga adalci ba. Granada ta cancanci a je, kuma tafiyar ba ta kai awa biyu a mota ba, sai dai fadar Alhambra sai an sayi tikiti tun da wuri, musamman a bazara. In ka samu, ka ba ta kwana ɗaya. Sauran biyun ka zauna a Malaga, ka taka ta da ƙafa, domin tsakiyar garin ƙarami ne kuma kusan duk abin kallo yana kusa da juna.

Abin da zai fara rikita ka shi ne agogonsu. A Yuni suna gaba da Najeriya da awa ɗaya, amma rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9:30 na dare. Azahar tana shiga bayan ƙarfe 2, isha kuwa sai an wuce 11. Mutanen garin suna cin abincin rana tsakanin 2 da 4, na dare daga 9 zuwa sama, kuma ƙananan shaguna da yawa suna rufewa da tsakar rana su sake buɗewa wajen 5. Baƙon da ya fita neman abincin dare ƙarfe 6 zai tarar da gidajen abinci na 'yan gari a kulle, ya ƙare a na 'yan yawon buɗe ido inda tsada ta fi daɗi yawa. Shawarata ka bi tsarinsu: fita da sanyin safiya, hutu da rana, sake fita bayan la'asar.

Safiyar farko ka ba Alkazaba, wato ƙasaba, ganuwa da fadar da Musulmi suka gina a ƙarni na 11. A gindinta akwai dandalin wasan kwaikwayo na Rumawa wanda ya daɗe a binne sai a 1951 aka gano shi. Da ka shiga ƙofofin farko ka ɗaga kai ka duba: za ka ga ginshiƙan marmara na Rumawa da maginan Musulmi suka ɗauka suka sa a bangonsu. Hanyar shiga ba miƙaƙƙiya ba ce, kowace ƙofa sai ta karkata da kai dama ko hagu, don kada mahaya su samu damar kutsawa a guje. Can ciki kuma sai ka tarar da wata duniya dabam: 'yan magudanan ruwa a tsakiyar daɓe, lemo da yasmin, da inuwa mai sanyi. Ka samu dakali ka zauna minti goma ka saurari ruwan. Yawancin baƙi hoto suke ɗauka su wuce, kuma a ganina sun bar abin da aka gina wurin dominsa.

Sama da Alkazaba akwai ganuwar Jibralfaro ta ƙarni na 14, a kan tudu mai tsawon kusan mita 130. Hawan yana da wuya a rana, don haka ka hau bas mai lamba 35 ka sauko da ƙafa. Daga can za ka ga tashar jiragen ruwa da Bahar Rum shimfiɗe a gabanka. Ranar Lahadi daga ƙarfe 2 na rana shiga duka biyun kyauta ne.

Ka riƙe tarihin a ranka yayin da kake kallo. Garin ya fi shekara 2,700, Finikiyawa, 'yan kasuwar teku daga yankin Lebanon ta yau, ne suka kafa shi, kuma ya yi fiye da shekara 700 a hannun Musulmi. A 1487 sojojin sarakunan Kirista na Sifaniya, Ferdinand da Isabella, suka karɓe shi bayan ƙawanya ta watanni, aka bautar da mafi yawan mutanensa, shekara biyar kafin faɗuwar Granada. Babban cocin garin an gina shi ne a mazaunin masallacin Juma'a, an fara a 1528, kuma har yau hasumiyarsa ta biyu ba a ƙarasa ba, shi ya sa 'yan gari ke kiransa La Mankita, mai hannu ɗaya. Shahararren matafiyi ɗan Maroko Ibn Battuta ya zo Malaga wajen 1350, ya yaba farfajiyar masallacin da dogayen itatuwan lemonta, da ɓaure da inabin garin. Bayan shekara uku shi ɗin nan yana Takedda, a ƙasar Nijar ta yau. Har yanzu akwai farfajiyar lemo a gefen cocin.

In kana son zane, a nan aka haifi shahararren mai zane Picasso a 1881, kuma gidan adana zanensa da aka buɗe a 2003 yana nan kusa da cocin.

Ni dai wurin da na fi so shi ne kasuwar Atarazanas. Sunan daga Larabci yake, darus sina'a, wato gidan sana'a, domin a zamanin Musulmi nan ne ake ƙera jiragen ruwa, teku kuma har ƙofar take kaiwa. Ƙofar marmara ta wancan lokaci tana nan tsaye, ta cikinta ake shiga. Ka je da hantsi, kuma ban da Litinin, domin masunta ba sa fita Lahadi, ɓangaren kifi kusan fayau yake. Ka tsaya ka kalli yadda tsofaffin mata ke saye: ana zuwa a tambayi wane ne na ƙarshe, a riƙe layi a ka ba tare da an jeru ba. Kada ka taɓa kayan marmari da hannunka, ka nuna mai kaya ya zaɓa maka. Ka sayi zaitun, da almon soyayye da gishiri, da busasshen inabin Malaga na tsaraba.

Batun abinci kuwa, kifi ne zai rufa maka asiri. Da yamma ka hau bas mai lamba 11 zuwa Pedregalejo ko El Palo, tsofaffin unguwannin masunta a gabashin gari. A kan yashi za ka ga tsohon kwalekwale an cika shi da rairayi, an hura wutar itace a ciki. Mai gashi zai soke sardin biyar ko shida a tsinke ɗaya, ya watsa gishiri mai tsakuwa, ya kafa tsinken a karkace a gefen wuta, ya juya sau ɗaya. Espeto suke ce masa, kuma duk wanda ya saba tsayawa gaban mai tsire zai gane aikin nan take. Da hannu ake ci, a matsa lemon tsami. Sun ce sardin ya fi kitse daga Mayu zuwa Agusta, ka ga ka zo a kan gaɓa.

Amma ka yi hattara, naman alade yana shiga inda ba ka zata ba. Ka haddace kalmomin nan kamar yadda ake rubuta su a takardar abinci: cerdo alade ne, jamón da ake furtawa hamon busasshiyar cinyarsa ce, manteca kitsensa ne da ake sawa har a wasu biskit, vino kuma giya. Miyar tumatir mai sanyi da suke kira porra ana barbaɗa mata hamon a sama, sai ka ce “sin hamon” tun kafin a kawo. In ka yi marmarin nama, akwai gidajen abinci da mahautan 'yan Maroko masu alamar halal. Akwai babban masallaci, na Al-Andalus, a yammacin kogin Guadalmedina, da wasu ƙanana a unguwanni. Ba za ka ji kiran salla a titi ba, don haka ka saita wayarka kan lokutan garin tun kana filin jirgi.

Abu biyu kuma. A bakin teku mutane suna tuɓewa fiye da yadda idonmu ya saba, don haka in kana son iskar teku cikin natsuwa ka je bayan asuba, lokacin da ba kowa sai masu motsa jiki da masu share yashi. Sannan a titin Larios, babban titin shaguna na tsakiyar gari, da cikin bas ka mayar da walat da waya aljihun gaba, fasfo kuma ka bar shi a akwatin ajiya na otel ka riƙe kwafinsa.

A daren ƙarshe, bayan magariba, ka bi titin Larios a hankali. Lokacin ne iyalai ke fitowa, kakanni da jikoki, yara na wasa har 11 na dare. Wataƙila ka ci karo da mutum da farar riga da jan ɗamara yana sayar da biznaga, furannin yasmin da aka soka ɗaya bayan ɗaya a busasshen kara har suka zama dunƙule kamar fure guda. Da bazara kaɗai ake yin ta, kuma ƙamshinta sai dare yake tashi. Ka sayi ɗaya ka kai ɗakinka.