Amsa ga ƙanin da ke tambayar ko lauya zai iya riƙe waƙar bas

Ƙanena, ka ce an kira ka zuwa aikin lauya bara, kana da murya mai kauri, malamin kwayarku, wato ƙungiyar mawaƙanku, yana so ka fara rera sassan bas, wato murya mafi kauri ta maza, kai kaɗai, amma kana tsoron kada abokan aiki su raina ka. Da na karanta sai na ji kamar ni na rubuta, domin na sha wannan ruwan tun daga lokacin da na baro makarantar lauyoyi ta Bwari.

Kuskurena na farko shi ne ɓoyewa. Shekara biyu ina fita atisaye da yamma ina cewa coci zan je, ban taɓa gaya wa maigidana cewa waƙa ce ba. A wata Disamba aka ba ni sashen bas a Messiah, shahararriyar waƙar addini da Handel ya tsara, bayan wata huɗu ina fama da numfashi da lafazi. Ashe labari ya kai masa. Ana gobe taro, ya kira ni a gaban ƙananan ma'aikata ya tambaye ni ko ofishinsa ya zama gidan maroƙa, sannan ya miƙo mini fayil ya ce in tafi wata kotu mai nisan awa huɗu, a kan shari'ar da shi kansa ya san ɗagewa kawai za a yi. Na tafi, aka ɗage cikin minti biyar, na kamo hanya cikin ƙurar hunturu a motar haya wadda gilashinta ba ya rufuwa. Na iso an riga an fara, maƙogwarona ya bushe, da na buɗe baki a gaban jama'a muryar ta dushe a tsakiyar layi. Mahaifiyata tana zaune a layi na biyu. Har yau idan na tuna yadda ya yi dariya washegari yana tambayata yadda wasa ya kasance, sai raina ya ɓaci, ko da yake na daɗe da barin ofishin.

Duk da haka ba zan ce ka bar aikin lauya ba. Muryar bas ba ta nuna da wuri, galibi sai mutum ya haura shekara 30 take cika ta zauna, saboda haka babu abin da ke korar ka. Paul Robeson na Amurka, shahararren mawaƙin bas, ya gama karatun lauya a Jami'ar Columbia a 1923, wariyar launin fata ce ta fitar da shi daga ofis, kuma ya sami dandalin da zai ciyar da shi. A nan ƙasar, in ka cire cibiyar kiɗa da waƙa ta MUSON da ke Onikan a Legas da manyan majami'u kaɗan, wa zai biya ka abin da zai riƙe gida?

Ka gaya wa maigidanka da bakinka tun yanzu, ka ba shi ranakun taro a rubuce da wuri. Ka kuma duba doka ta 7 a ƙa'idojin aikinmu, wadda ta hana lauya haɗa aikinsa da wata sana'a sai da izinin Majalisar Lauyoyi, musamman ranar da aka fara sa maka kuɗi a ambulan. Lokacin hutun kotu na damina shi ne lokacin koyon sabuwar waƙa, ni a nan nake haddace komai. Kada ka ɗaga murya a kotu ranar da za ka rera, ka riƙa shan ruwa mai ɗumi, ka rufe hanci da baki idan hunturu ya kama. Ka nemi wanda zai iya tsayawa maka a kotu, da wani bas ɗin da ya san sashenka, domin da ina da ko ɗaya daga cikinsu a waccan Disamba da ban tsaya a gaban mahaifiyata baki buɗe ba.