Amsoshin tambayoyinku: kafin a kira mai gyaran wuta

Tambaya: Na sayi gida a Mariri, bayan garin Kano, wayarin ɗinsa tsoho ne. Ina son sa esi biyu da hita. Wani mai gyaran wuta ya ce sai an ja sabbin layuka, wani kuma ya ce a rabin kuɗin zai haɗa min a tsohon layin. Wa zan bi? — Malamin makaranta

Amsa: Malam, bi na farkon. Wanda ya yi wayarin ɗin gidan nan, ƙwan wuta da fanka da rediyo ya lissafa. Hita mai wat 3,000 a kan bolt 230 da muke amfani da shi tana jan amp 13 ita kaɗai, iyakar abin da soket ɗin bango ke ɗauka ke nan. Waya mai lamba 1.5 (lambar da ke nuna kaurin ƙarfen cikinta) ta ƙwayayen wuta ce, 2.5 ta soket, esi da hita kuwa kowanne yana son layinsa na 4 zuwa sama, da burekarsa daban, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa in lodi ya yi yawa. Amma kafin ka ba shi ko sisi, ya rubuta maka jerin kaya, kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban. Ka tambaye shi takardar shaidar hukumar NEMSA, wadda ke tantance masu wannan sana'a, ka kuma je ka ga gidan da ya yi wa aiki shekara biyu ko uku da suka wuce. Kada ka biya duka a gaba.

Sannan ka je kasuwa da ƙafarka. A nan nake son masu karatu su saurare ni da kyau, don batun jabun waya ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum zai kashe miliyoyi a tayil da silin da labule, in aka zo kan waya sai ya ce a samo mai sauƙi, tunda a cikin bango take, babu mai gani. To ita ce za a kwana da ita shekara ashirin. Jabun iri-iri ne. Akwai wadda alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama, alhali alminiyam kusan kashi 60 cikin 100 na wutar da jan ƙarfe ke ɗauka yake iya ɗauka. Akwai wadda aka rubuta 2.5 a jiki, cikinta bai kai ba. Akwai naɗin da aka ce mita 100 ne, a warware a ga ya gaza. Irin wannan waya ba rana ɗaya take nuna halinta ba. Tana ɗumama a hankali, robarta tana bushewa tana tsagewa, sai wani dare cikin hunturu, an jona hita da dutsen guga, silin ya kama, a wayi gari ana cewa ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma sakacin da aka yi ranar sayayya fa?

Gwaji bai da wuya. Ka ce a yanko maka ɗan guntu a gabanka, ka fere robar, ka kankare ƙarfen da reza: in fari ya leƙo daga ƙasa, ajiye musu kayansu. Ko ka kara sili ɗaya a wutar laita. Jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya, jabun kuwa nan take zai lanƙwashe ya karye. Ka ɗaga naɗi biyu ka ji nauyi, don jabun ba ya kai na gaske nauyi, ka duba sunan kamfani a jikin robar da tambarin SON, hukumar da ke kula da ingancin kaya, duk da cewa har tambarin ana kwaikwaya, shi ya sa ya fi kyau a saya wurin babban dila a karɓi rasit. Duk mai shagon da ya ƙi a gwada, ya riga ya ba ka amsa. Araha ba ta ado.

Tambaya: Kuɗin wuta ya yi mana yawa. Wani yaro ya ce zai zagaye mana mita, esi ya riƙa sha kyauta. Akwai matsala? — Daga Rigasa

Amsa: Ka san amsar kafin ka rubuto. Sata ce, doka ta hana, ranar da aka gano ka tara za ka biya har da bashin baya. Kuma haɗin ɓoye shi ne haɗin da ya fi kowanne sako-sako.

Tambaya: Maigidana yana aiki a wani gari. Soket ɗin ɗakin yara yana zafi, wani lokaci ina jin ƙauri kamar na roba, firij ma yana jana in na taɓa shi ba takalmi. Ina tsoro, ba na iya barci. — Uwar yara, Mararaba

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya tsare ku, kuma kin kyauta da ba ki yi shiru ba. Yau ɗin nan ki kashe burekar wannan ɗakin. In ba ki gane ta ba, ki kashe babbar. Ki cire firij daga soket, kada yara su matsa kusa. Zafi da ƙauri yawanci alamar waya ce ta yi sako-sako a bayan soket, gyaransa ba tsada. Jan da firij ke yi kuwa yana nuna wuta na yoyo, kuma wataƙila ba a binne wa gidan sandar ƙarfen da ke zubar da ita cikin ƙasa ba. Ki sa wani ɗan'uwa ko maƙwabci amintacce ya kira ƙwararre ya tsaya a kansa. A duba wannan sanda, a kuma sa irin burekar da ke yankewa da kanta da zarar wuta ta bi jikin mutum. Kada a jira dawowar maigida.

Tambaya: Dole ne sai na sa canja-oba don ƙaramin janareta? Ni soket nake jona shi. — Tela, Bukuru

Amsa: Dole ne, don canja-oba shi ne makunnin da ke raba wutar janareta da ta layin waje. Ranar da ka manta ba ka kashe babbar bureka ba, wutar injinka za ta koma layin waje, ta iya kashe ma'aikacin da ke kan falwaya, in kuma aka kawo wuta injin ya ƙone. Ka sa canja-oba a makon nan.