Ka ce a ƙara wa sifirin ƙarfi?

Saƙonka ya iso, yaro. Ka ce tunda rawar da sandar makamashin nukiliya take yi a cikin ragar ƙarfen da ke riƙe ta ce ke huda ta, me zai hana a ƙara wa sifirin, wato ɗan ƙarfen nan mai lotsawa da ke danne ta, ƙarfi ya damƙe ta ƙam, kowa ya huta. Da wani abin ka tambaya, da na ce ka je ka buɗe littafi. Wannan kam ka fama mini tsohon gyambo, don haka sai ka saurara.

Ka san damin sandunan makamashi, ko dai ya kamata a ce ka sani. Irin wanda ake sa wa tukwanen nukiliya na Faransa, inda a da yuraniyom ɗinmu na Arlit ya daɗe yana ƙarewa, layi 17 ne sau 17, gurbi 289. Sanduna 264 ne ke ɗauke da ƙwayoyin yuraniyom, bututu 24 na sandunan birki ne, masu rage wa tukunya wuta, ɗaya na tsakiya na na'urar awo. Tsayinsa wajen mita huɗu, kaurin sanda milimita 9.5, fatarta kuwa da kaɗan ta wuce rabin milimita. Tsakanin sanda da 'yar'uwarta milimita uku ne da ɗan ɗoriya, ta nan ruwa mai zafin sama da digiri 300 yake ratsawa a guje, dare da rana, shekara uku zuwa biyar. Abin da ke riƙe da su shi ne ragar nan mai kama da kiret ɗin ƙwai, takwas ko goma daga ƙasa zuwa sama. Yadda ake saƙa faifan ragar da yadda ake waldar mahaɗa da leza cikin iskar agon, ba zan ɓata bakina ba. Wanda bai san cewa zirkoniyam, ƙarfen da ake yin ragar da shi, yana haɗiyar iska idan ya yi zafi ba, ya koma waldar ƙofa.

A kowane gurbi sifirin ne ke tura sanda ta jingina da 'yan tuddai na ɗaya gefen. Riƙo ne na lalama, don sandar tana ƙara tsawo a cikin tukunya, dole ta samu ta zame. Ka matse ta, ta rasa hanya, sai ta lanƙwashe ta kusanci maƙwabciya, ruwa ya ragu a wurin, zafi ya taru. Tun kafin nan ma, a masana'anta ake jawo sandar ta ratsa raga bayan raga, sifirin mai taurin kai kuwa zai yi mata zane tun daga kai har gindi.

Wannan zanen shi ya cinye mini shago.

Lokacin ina da ɗan wurina a Faransa, ni da ma'aikata uku, muna ƙera ƙarafan bugu, waɗanda ke fitar da siffar sifirin da tuddai a jikin faifai, muna kuma haɗa ragogin gwaji. Ba waɗanda ake sakawa a tukunya ba, waɗanda ake jarrabawa da sandunan da babu yuraniyom a ciki, a tura musu ruwa a ga rawarsu. Wani ɗan kwangila, wanda ba zan ambaci sunansa ba don bakina ya fi ƙarfinsa, ya kawo aiki da zane mai hatimi. Na sayi faifan Zircaloy, gaurayen ƙarfen zirkoniyam, da kuɗina, kuma kai ka san ba a samunsa a kasuwar 'yan gwangwan: sai an raba zirkoniyam da hafniyam, don shi hafniyam haɗiye niyutiron yake yi, 'yan ƙwayoyin da ke fasa yuraniyom a samu zafi, kuma rabawar ce ke sa tsada. Aiki ya yi nisa sai ga waya. Wai gwajin farko ya nuna sanda na rawa, in ɗaga tsayin sifirin kaɗan. Na ce masa zai karce sanda. Ya ce shi injiniya ne, ni maƙeri. Na ce to a aiko da sabon zane. Ya rantse yana hanya, a ci gaba kada lokaci ya ƙure. Mutumin da muka ci abinci a kwano ɗaya, ya san 'ya'yana da sunayensu!

Na sake wasa ƙarafan, na buga, na haɗa. Kyan aikin nan har yau ban ga irinsa a hannun kowa ba, waldar fara tas, babu ɗigon shuɗi ko ɗaya. Aka jawo sanduna, suka fito a karce kamar yadda na faɗa. Masu aikin suka auna sifirin, suka ga ya saɓa wa zanen da ke hannunsu, suka kira taro. A gabana mutumin nan ya buɗe jaka ya fito da tsohon zane, ya ce shi bai san da wata waya ba. Ko ƙifta ido bai yi ba. Aka mayar mini da ragogin, aka hana ni ko sisi, aka ɗora mini kuɗin sandunan da suka lalace. Ƙarafan bugun kuma ya riƙe wai jingina, daga baya na ji wani shago ya rage musu tsayi yana aiki da su. Lauya ya tambaye ni takarda. Na sallami yarana uku, na sayar da injin wasa ƙarfe, na koma ɗaukar albashi a ƙarƙashin wanda na koya wa riƙon maikuromita. Allah ya isa, kuma ban janye ba.

Abin haushin ma, ko da sandunan ba su karce ba, dabararsa ba za ta yi ba. Sifirin na Zircaloy saki yake yi idan niyutiron ya daɗe yana dukansa, fatar sanda kuma tana ɗan motsewa saboda matsin ruwa. Duk ƙarfin da ka ba shi ranar farko, kafin dami ya tsufa yawancinsa ya tafi. Shi ya sa wasu ke yin ragar sama da ta ƙasa da Inconel, gaurayen ƙarfen nikel da ba ya saurin saki, Faransawa kuma suka daɗe suna dasa sifirin na Inconel a cikin ragar Zircaloy. Kada ka ce a yi duka da shi, yana cin niyutiron, wato yana cin kuɗin mai tukunya. Masu hankali faɗin wurin da sifirin ke taɓa sanda suke gyarawa, su kuma duba 'yan fukafukan da ke saman raga masu juya ruwa, don su ma idan aka karkata su ba daidai ba suna kaɗa damin gaba ɗaya.

Ku yanzu komai sai ku ce kwamfuta ta lissafa. Na ga yaron da ya zana raga mai kyau a allo, aka miƙa masa faifai ya kama da hannu babu safa, maiƙon tuwo duk a jiki. Wani kuma ya share tebur da burushin waya. Silin waya ɗaya ya maƙale a raga, ruwa ya yi ta kaɗa shi, ya isa ya huda sanda.

Gobe ka ɗauki raga ɗaya daga waɗanda aka ƙi, ka auna ƙarfin sifirin na kowane gurbi, ka rubuta da biro a takarda, ka aiko mini in gani. Hoton allo ba na so.