Wufa na ƙugi idan an tayar da janareta

Ɗan'uwa, ka ce a ƙauyenku wajen Ringim ka haɗa talabijin da wufa mai sifika biyar, da wutar NEPA lafiya lau, amma ana tayar da janareta sai ta kama ƙugi. Kada ka kai ta wajen mai gyara tukuna.

Wutar ƙasar nan tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ƙaramin janareta kuwa ba ya riƙe wannan daidai, balle idan firji na kan layi ɗaya. Fara zare duk wayoyin da suka shiga wufar, ka bar ta wuta kaɗai. In ƙugin na nan, laifin wutar ne. Sitabilaiza tana kare kaya, amma ba lallai ta kashe ƙugi ba, kada mai shago ya ruɗe ka.

In kuwa ƙugin ya ɗauke, to ta wayar dikoda ko ta talabijin yake shigowa. Jona su duka a soket ɗaya, ka raba wayar sauti da ta wuta, kada ka naɗe su wuri guda kamar igiyar guga. Idan talabijin da wufar duka suna da ramin da aka rubuta Optical, sayi wayarsa: haske ne ke ɗaukar sautin, ba wuta ba. Sai ka shiga saitin sautin talabijin ka zaɓi PCM.